Ranar da Bar-Mini Ya Huda Ƙasa Biyu

Duk layin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Bar-Mini ake ce masa, domin ba a taɓa kawo wata matsala gabansa ya ce bai iya ba. Fanka ta tsaya, bar mini. Mabuɗi ya karye a cikin kwaɗo, bar mini. Wata rana mai kemis yana ƙorafin ciwon haƙori, kafin ya rufe baki sai ga mutumin ya miƙe yana neman filaya. Ainihin sana'arsa kuwa takarda ce. Yana da ɗan shago tsakanin tela da mai kemis, da injin fotokwafi mai yin tari kafin ya tashi, da injin laminatin mai rufe takarda da leda da zafi, sai kuma abin alfaharinsa, injin bayindin, wanda ke huda gefen takardu a jere a zura musu roba mai haƙora su zama littafi. A ganinsa duk wahalar da ɗan Adam ke sha a duniya daga watsewar takardu ta samo asali.

Matarsa 'yar tsallaken kogi ce, wato ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Saboda haka da Allah ya ba su 'ya mace, jaririyar ta zo da haƙƙin ƙasa biyu, ta uba da ta uwa. Maijego ce ta yi ta jelen ofisoshi da goyo, ita ta cike fom, ita ta yi ta kaɗa mabuɗai a gaban mai hoto har yarinyar ta yarda ta buɗe ido. Amma ranar da fasfo na biyu ya fito, Bar-Mini ne ya zagaya layin da su, shuɗi a hannun dama, ja a hannun hagu, yana cewa akwai manyan mutanen da suka tsufa suka mutu da fasfo ɗaya, ga tasa ba ta cika wata biyu ba ta mallaki biyu. Tela ya ce yarinyar da ko hannunta ba ta san nata ba ne, ina ruwanta da ƙasa. Bar-Mini ya ce ai hassada ga mai rabo taki ce.

Ana cikin haka ƙanin maijego ya bugo waya daga tsallake, kuma ba labarin daɗi ya kawo ba. Idon mahaifiyarsu na dama ya daɗe da tafiya, yanzu na hagun ma yana bin sa. Likita ya sa ranar aiki Alhamis da safe, ya kuma faɗi gaskiya cewa bai yi alkawarin komai ba: ko a buɗe bandeji ta gani, ko a buɗe shi ke nan. Tsohuwa ta ce ita ba ta tsoron wuƙar likita, abu ɗaya take roƙo, a kawo mata jikarta ta gan ta da ɗan sauran idon da ya rage kafin a taɓa shi. Maijego ta ajiye waya ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta fara haɗa kaya. Laraba za su tafi, kuma dole su tsallake gada kafin ƙarfe shida na yamma, lokacin da ake rufe ƙofar iyaka.

Shi ma Bar-Mini abin ya taɓa shi, kada a ɗauki alhakinsa. Sai dai a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan lissafi nasa. Surukar nan ba ta taɓa ganinsa da gashi ba, tun ranar da ya karɓi rediyonta zai gyara ya mayar mata da shi a leda. Ya ƙudura a ransa cewa wannan karon sai ta ji labari. Zai tsallako da jikarta cikin minti biyar, ba layi, ba gardama, har jami'an iyaka su riƙa ba da misali da shi.

Ranar Talata ya ce wa matarsa ta ba shi takardun yarinya zai yi musu fotokwafi kawai. Ta miƙa masa fasfo biyun da takardar haihuwa da katin rigakafi. Da ya nemi nata fasfon sai ta ce yana can ƙasan jaka ta riga ta danne shi da kaya, ba za ta kwance ba. Ya ce ita ta sani, ita za ta ji kunya gobe in aka ga nata tsirara.

Yana isa shago ya naɗe hannun riga. Takardar haihuwa ya fara turawa cikin injin laminatin, ta fito da zafi tana ƙyalli, ya bi ta da katin rigakafi. Sannan ya ɗauko fasfonsa ya ɗora a bakin injin huda don gwaji. Nan ya tsaya ya yi tunani, kuma tunanin ne ya kashe shi. Ya ce shi ba wawa ba ne da zai huda gefen ɗinki ya lalata wa gwamnati aikinta, saboda haka ya juya fasfon ya saka ɗaya gefen, inda ake buɗewa. Bangon ya yi tauri, injin ya ƙi. Ya hau kan mariƙin da ƙirji, ya ɗaga ƙafafu daga ƙasa, sai ji kake ƙwas. Huda takwas a jere, tsaf-tsaf, ko a kamfani sai haka. Ya bi shuɗin, ya bi jan, ya haɗa da sauran takardu, ya zura roba, ya sa bango mai sheƙi wanda ya buga wa manyan haruffa: TAKARDUN 'YAR ƘASA BIYU DA MAHAIFINTA.

Tela ya leƙo da tef a wuya, ya karɓa ya jujjuya. Ya yi ƙoƙarin buɗe fasfo ɗaya, ya ƙi buɗuwa, tunda ɗinki ya riƙe gefe guda, roba ta riƙe ɗayan.

"Maƙwabci, wannan ta ina ake karanta shi? Ni ko aljihu na ɗinka ina barin masa baki."

Gaskiya Bar-Mini bai lura ba sai yanzu. Amma kafin ƙiftawar ido ya samo amsa. Ya ce da gangan ya yi, wannan shi ake kira tsaro, babu ɓarawon da zai leƙa ciki, in an isa gaban jami'i sai a zare robar da yatsa biyu a miƙa. Mai kemis ya tambaya ko dai ana huda fasfo, shi bai taɓa gani ba. Bar-Mini ya ce abubuwan da bai taɓa gani ba ai suna da yawa, shi ya sa har yau yake ƙirga ƙwaya. Tela ya koma kan kekensa yana cewa wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Bar-Mini ya yi wa kowane shafi fotokwafi mai kala, ya sake mayar da roba, ya naɗe komai cikin ambulan ya manne bakinta. Da matarsa ta tambaya da yamma, ya ce ta sa ido kawai, gobe za ta san wanda ta aura.

Da safe suka hau babbar mota mai zuwa tsallake. Ba a yi nisa ba duk fasinjojin sun san cewa jaririyar da ke kujera ta huɗu tana da ƙasa biyu. Bar-Mini ya juya ya ba gaba baya, ya durƙusa a kan kujera, ya buɗe makaranta. Ya ce mai fasfo biyu da na ƙasar da yake bari yake fita, da na ƙasar da zai shiga yake shiga, in ya cakuɗa su hatimin fita ya zauna a wani littafi na shiga a wani ba tare da tsari ba, ya jawo wa kansa tambayoyi. Wannan kam gaskiya ya faɗa, a bakin matarsa ya ji. Daga nan sai ya shiga ƙari. Ya ce ya san jami'an iyaka kamar yunwar cikinsa, takarda mai tsari suke girmamawa, ba mutum ba. Duk wanda yake son ya wuce da wuri ya tsaya a bayansa, don in jami'i ya ga aiki mai kyau ransa kan yi fari har mutum ashirin na baya su ci albarkaci.

Akwai wata 'yar kasuwa a kujerar baya, mai jigilar robobin wanki, wadda kowane mako sai ta tsallaka gadar nan. Ta tambaye shi sau nawa ya taɓa tsallakawa. Ya ce sau biyu, amma ai ba yawan zuwa kogi ke sa a iya iyo ba. Ta ce haka ne, shi ya sa kogi ba ya rasa abin ci. Maijego dai nono take ba yarinya tana duba agogon wayarta.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci motar ta tsaya a bakin gada. Ofishin fita dogon ɗaki ne mai benci biyu, da fanka ɗaya, da kanta mai gilashi, a bayanta wani matashin jami'i yana zaune gaban na'ura. Bar-Mini ya riga kowa sauka, ya jera fasinjoji a bayansa kamar 'yan makaranta, ya sa matarsa a gefensa, ya yage bakin ambulan a hankali don kowa ya gani. Ya zaro littafin ya tura ta ƙasan gilashi da hannu biyu.

A nan maijego ta fara ganin abin. Ta dubi robar, ta dubi hudojin, ta dubi mijinta. Sai ta gyara riƙon yarinya kawai.

Jami'in ya karanta bangon, ya juya littafin ta baya, ya girgiza shi ko wani abu zai faɗo. Ya tambaya mene ne wannan. Bar-Mini ya ce fasfo ne guda uku da takardu biyu, a tsare, kuma in ofishinsu na son a yi musu irinsa akwai ragi. Ya karɓo zai nuna yadda ake zare roba da yatsa biyu. Robar ta ƙi, don ya cusa mata abin da ya fi ƙarfinta. Ya sa yatsa huɗu, ya sa haƙori, ya fizga. Robar ta tsinke ta harbi wani dattijo a kunne, takardar haihuwa ta sulale a kan siminti ta shige ƙarƙashin benci, jan fasfon ya faɗa cikin robar wankin 'yar kasuwa. Ta ɗauko ta miƙa masa tana cewa ga ƙasa ɗaya ta faɗo, a riƙe ta da kyau.

Ya tattaro ya miƙa shuɗin yana murmushi. Jami'in ya buɗe shafin hoto ya kifa a kan na'ura, na'ura ta yi ƙara ta kunna jar fitila. Ya sake, ta sake. Ya ɗaga shafin sama, hasken taga ya ratso ta huda takwas. A ƙasan hoton jaririyar akwai layuka biyu na haruffa da lambobi waɗanda na'ura ke karantawa, kuma injin Bar-Mini ya bi ta tsakiyarsu kamar da awo. Bar-Mini ya ce na'urarsu ce ta yi ƙura, a bar masa ya duba ta, har ya fara neman hanyar zagayawa bayan kanta. Jami'in ya ce ya tsaya inda yake, ya tashi ya kira shugabarsu.

Shugabar ofis mace ce mai jiki, da tabarau a ƙarshen hanci, irin mutanen da ba sa gaggawar magana. Ta jera fasfo ukun a kan kanta ta ƙare musu kallo. Ta tambaya wane ofishi ne ya soke su. Bar-Mini ya dafa ƙirji ya ce ba ofis ba ne, aikin hannunsa ne, kuma ba sokewa ba ce, bayindin ne. Ta jawo wata durowa ta ɗebo tsofaffin fasfo, kowanne da huda ɗaya a jikinsa, ta baza masa.

"Malam, ka ga waɗannan? Matattu ne. In za mu kashe fasfo, huda ɗaya muke yi masa. Kai kowanne ka kashe shi sau takwas."

Wani daga baya ya yi salati, wani ya tuntsire da dariya. Amma bakin Bar-Mini bai mutu ba. Ya ce ai amfanin ƙasa biyu ke nan, in ɗaya ta ƙi sai a gwada ɗayar. Shugabar ta ɗaga jan ta leƙe shi ta cikin huda. Ya ce to ga takardar haihuwa, ita ba ta da layin na'ura. Ta shafa ta da yatsa ta ce a nan akwai hatimi mai tudu wanda ake ji da hannu, da shi ake gane ta gaske, yanzu zafin injinsa ya goge shi ya zama sumul. Ya ce kada ta damu, mai tsari ba ya tafiya ba kwafi, ya zaro fotokwafinsa masu kala. Sai a lokacin ya tuna cewa bayan ya huda ya yi su. Ga hudojin nan baƙaƙe a jere a kowane shafi.

Direba ya leƙo ya ce shi fa yana da hanya a gabansa. Layin da Bar-Mini ya jera ya fara zagaye shi, kowa ya miƙa fasfonsa tsirara, na'ura ta yi kore, a buga hatimi, ya wuce. Kuma babu wanda ya wuce bai bar masa guzuri ba. Dattijon da roba ta harba ya ce shi ya yafe, amma kunnensa bai yafe ba. Wani ya ce a ba shi lambar shagon don ya san inda ba zai je ba. 'Yar kasuwa ta tsaya ta shafa kan jaririyar, ta ce wa maijego Allah ya ba ta haƙuri, aure ibada ne. Kafin biyar saura kwata an sauke musu jakunkuna a bakin ƙofa, mota ta hau gada ta tafi.

Mai hankali da nan zai yi shiru. Bar-Mini kuwa sai ya buɗe jakarsa ya fito da salatef da biro. Ya ce shi ya san lambobin da suka ɓace, zai manna farar takarda ta baya ya cike gurbin da hannu, rubutunsa ba a bambanta shi da na inji. Shugabar ta ce yanzu laifinsa wauta ce kawai, kuma babu dokar da ta hana wauta, amma bakin biron nan na taɓa fasfo ya zama jabu, kuma akwai ɗaki a baya mai ƙofar ƙarfe da aka tanada don masu irin wannan basira. Ya mayar da biro aljihu.

Ya ja matarsa gefen benci ya rage murya, sai dai raɗar Bar-Mini ana jin ta daga bakin titi. Ya ce tunda fasfonta lafiya lau yake, ta kwantar da yarinya cikin jakar kaya, a rufa mata tawul, a bar zif a ɗan buɗe saboda iska, minti uku ta tsallake. Shugabar ba ta ko ɗago daga rubutun da take yi ba ta ce tana jin sa. Yarinyar ma kamar ta ji, ta tsala kuka.

Maijego ta miƙe. Tunda suka yi aure ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Baban yarinya, zauna a nan. Kada ka gyara komai. Kada ka taɓa komai. In ka ji wata dabara ta zo maka, ka riƙe ta har na dawo."

Ya zauna. Ta je gaban shugabar da yarinya a kafaɗa, ta faɗa mata magana ba ado: mahaifiyarta na tsallake, ido ɗaya ya rage mata, gobe da safe za a yi masa aiki, kuma ba ta taɓa ganin wannan yarinya ba. Ta ce ta san sabon fasfo sai an yi makonni, ta san ba laifin ofis ba ne, ba ta kuma roƙon a karya doka. Tambaya kawai take yi, ko akwai wata hanya da ita ba ta sani ba. Tana faɗa hawaye na zuba, ba ta share ba.

Shugabar ta cire tabarau ta dubi agogon bango, biyar da minti goma. Ta tambaya gidan nasu na da nisa da gada. Maijego ta ce a mota bai fi minti ashirin ba. Shugabar ta ce yarinya ba za ta shiga waccan ƙasa da mataccen fasfo ba, wannan ko ita ta yarda na can ba za su yarda ba. Amma a tsakiyar gada akwai farin layi, kuma ba ta san dokar da ta hana mutum ya tsaya a gefensa ya gaisa da wanda ke ɗaya gefen ba. Ta ɗauki waya ta kira takwaranta na tsallake, maijego ta kira ƙaninta ta faɗa masa abin da ya faru, ta ce ya ɗauko Mama yanzu-yanzu, ko takalmi kada ya tsaya nema mata.

Bar-Mini ya taso ya ce shi ma zai je, ai shi ne uba. Shugabar ta dube shi sama da ƙasa ta ce zai yi amfani, ya ɗauki bencin can, tsohuwa za ta buƙaci wurin zama. Haka suka hau gada: shugaba a gaba, maijego da yarinya a tsakiya, shi kuma mahaifin a baya da benci a ka, da hudaddun takardunsa cikin leda a hannu. Masu tsallakawa da ƙafa suna ta ba shi hanya, labari kuwa ya riga shi isa, don ya ji wata mai tallan ruwa tana nuna shi tana cewa ga mai hudar nan.

Suka tsaya a farin layi suna jira. Biyar da rabi ta wuce. Shida saura ashirin, babu kowa. Maijego sai leƙen hanya take yi tana jijjiga yarinya, kuma a nan ne abin ya sauko wa Bar-Mini sosai. Ya dubi ledar da ke hannunsa ya gane cewa in ƙofar can ta rufe kafin tsohuwa ta iso, mai yiwuwa har ta koma ga Allah ba za ta san kamannin jikarta ba, kuma ba likita ne ya jawo ba, ba gwamnati ba, shi ne da injinsa. Kunya da tsoro suka rufe shi.

Shida saura kwata sai ga su. Ƙanin maijego na riƙe da hannun tsohuwa, wani jami'i mai furfurar gashin baki na biye da su, ita kuwa tana ta sauri har tana tuntuɓe, takalmin ma wari da wari ta sako. Bar-Mini ya ajiye benci daidai kan layi aka zaunar da ita. Shugabar ta sanar da babbar murya cewa jaririya ba ta da izinin tsallake wannan layi ko da taƙi ɗaya. Jami'in tsallake ya ce ƙwarai kuwa. Daga nan su biyun suka juya baya suka jingina da ƙarfen gada, suka shiga tattauna yadda ruwan kogi ya ja baya bana.

Maijego ta ɗora yarinya a cinyar mahaifiyarta. Tsohuwa ta ce a juya ta wajen rana. Ta ɗago jaririyar har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta karkata kai ta kawo idon hagu, ta fara bi a hankali, daga goshi zuwa gira, daga gira zuwa baki. Yarinyar ta buɗe ido ta zuba mata. Tsohuwa ta yi dariya, hawaye na fita har ta idon da ba ya gani, tana cewa ƙawata, ashe haka kike, ashe haka kike.

Bar-Mini ya durƙusa a nasa gefen layin, kansa a ƙasa.

"Mama, ni na ɓata. A yi mini haƙuri."

Ba ta dube shi ba. Ƙanin ya riga ya ba ta labari a mota, har da yawan hudojin. Sai ta kwance tawul ɗin yarinya, ta laluba hannuwa, ta laluba tafin ƙafa, ta juya ta ta shafa bayanta, ta dawo ta murza kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce wa 'yarta:

"Alhamdu lillahi, ita bai huda ta ba. In lokacin 'yan kunne ya yi, ki kai ta can nesa da shagon."

Kafaɗun shugabar suka fara rawa duk da ta ba su baya. Jami'in tsallake ya kasa daurewa ya fashe, mai tallan ruwa da masu wucewa suka taya shi, maijego ma tana kuka tana dariya. Bar-Mini ya so gada ta buɗe ya faɗa kogi, amma ya daure a durƙushe, don ya san ya ci bashin abin da ya fi haka.

Tsohuwa ba ta bi ta kansu ba, ta mayar da fuskar yarinya kusa da idonta ta ci gaba da kallo. Tana nan a haka har aka busa usur daga bakin ƙofa. Shugabar ta juyo ta ce lokaci ya yi, Mama. Tsohuwa ta ƙara kallo ɗaya mai tsawo, ta miƙa jikarta ta saman farin layi, ta kama hannun ɗanta ta miƙe.

"Mu je," in ji ta. "Gobe likita ya yi abin da zai yi. Na gani."